Wanda Ya Kashe Kyaftin Bawa

"Ni dai ban yafe ba," in ji matar da ke jikin taga, tana gyara kwandon busasshen kifi a cinyarta. "Mutum ya shekara yana tuƙa jirgi cikin taurari, aljanun sama ba su kashe shi ba, yunwa ba ta kashe shi ba, sai igiya? Igiya fa."

"Ba aljanu ba ne, Hajiya Fatsuma, halittun wata duniya ne," in ji wani fasinja daga kujerar gaba.

"Kai ka gan su?"

Khairiyya ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta. Motar ba ta daɗe da barin tashar Gwandu ba, ko Malisa ba su kai ba, amma an riga an kai ƙarar marubucin wurin Allah sau uku. Ita ce marubucin.

Shekara guda ke nan tana sakin labarin Jirgin Albarka duk ranar Alhamis, a wani guruf na Wasaf mai suna Fasinjojin Albarka. Tana turawa da wani layi dabam, da sunan Matuƙin Sama. Ta ɓoye sunanta ne tun farko don malamar Fiziks ce a makarantar 'yan mata, kuma shugabar makarantar mace ce da ke ganin ko dariya ɓata lokacin gwamnati ne. Mijinta Lukuman kaɗai ya sani. Da safe da za ta fito, ya raka ta bakin ƙofa ya tambaye ta, fuskarsa ba alamar wasa, ko ya aro mata hular kwano wurin maƙwabcinsu mai babur.

Labarin wasu 'yan Kabi bakwai ne da suka tashi a jirgi zuwa wata duniya mai rana biyu. Akwai kashin da Khairiyya ta kwashe mako uku tana lissafin yadda jirgin zai kewaya wani tauraro ba tare da mai ya ƙare ba. Da ta sake shi, sharhi ɗari biyu da 'yan kai suka shigo. Kusan duka a kan abu ɗaya: yaushe Kyaftin Bawa zai aika magabatansa gidan su Injiniya Maryam. Wani malami ya turo saƙon murya na minti tara kan yadda ake gane alƙibla a bayan wata. Wani daga Dangoma ya nemi a yi masa bayanin dalilin da ya sa babu ɗan garinsu ko ɗaya a jirgin, alhali har da mutumin Jega aka ɗauka. Wata baiwar Allah kuwa ta so ta san inda suke samo icen girki. Mutum ɗaya ne ya taɓa ambaton lissafin, shi ma cewa ya yi a rage shi, yana cinye musu data.

Shekaranjiya, a kashi na hamsin da biyu, Kyaftin Bawa ya fita gyaran jikin jirgi, igiyar da ke riƙe da shi ta tsinke, ya yi ta nisa har iskar shaƙa da ke tulunsa ta ƙare. Khairiyya ta yi kuka tana rubutawa. Ta ɗauka shi ne abu mafi kyau da ta taɓa rubutawa. Kafin la'asar mutum arba'in sun fice daga guruf ɗin, talatin da takwas sun dawo don su ga abin da ake faɗa.

Amma ba wannan ya fito da ita daga gida ba. Akwai wani Muzzammil mai shagon fotokwafi a Kalgo, kusa da hanyar jami'a, wanda ke buga kowane kashi a takarda yana ba ɗalibai. Wata rana aka tambaye shi ko shi ne Matuƙin Sama, ya yi murmushi ya ce Allah ne masani. Daga nan magana ta zauna. Wata shida ana kiransa Marubuci, yana amsawa cikin tawali'un da ya dace da manyan mutane. Yau kuma ake taron cikar labarin shekara, wanda aka shirya tun watan jiya don karrama shi, har da wakiliyar wani gidan rediyo da ke son fara karanta labarin da sunan mai shi.

"Ke ma taron za ki, ɗiyata?" Hajiya Fatsuma ta tambaye ta bayan sun sauya mota a Birnin Kabi.

"Eh, Hajiya."

"Madalla. Ki zauna kusa gare ni. Ni ce shugabar guruf, ni zan fara da shi." Ta ɓantaro kifi ta miƙa mata. "Ci ki samu ƙarfi. Wanga mutum bai da imani ko kaɗan. Kin san abin da ya sa? Namiji ne. Da mace ce ta rubuta, da yanzu Maryam na goyon na biyu."

Khairiyya ta karɓa ta yi godiya. Kifin ya yi daɗi, wannan ya ƙara mata nauyin abin.

An kafa rumfa a gaban shagon, an jera kujerun roba kamar sittin, duk sun cika. A jikin bango an rataye ƙyalle mai hoton Muzzammil ya tallafe haɓa da biro a hannu, taurari na zagaye da kansa. Shi kuma yana zaune a ƙarƙashin hoton cikin farar shadda da aka ɗinka tun kafin igiya ta tsinke. Gumi ya riga ya jiƙa wuyan rigar.

Khairiyya ta zo da niyyar miƙewa tun kafin a buɗe taro da addu'a, ta ɗaga wayarta ta nuna wa kowa layin Matuƙin Sama. Da ta ga fuskokin jama'a, sai ta ga babu wani abin sauri. Ta zauna a layi na biyu, ta karɓi kunun aya mai sanyi da ake rabawa.

Mai gabatarwa ya karanta tarihin Muzzammil: yadda ya taso yana kallon sama tun yana goye. Ba wanda ya tafa. Daga nan aka ba da damar tambayoyi, hannu kamar hamsin suka tashi.

"Malam Marubuci," in ji Hajiya Fatsuma, ba ta jira an ba ta lasifika ba, "mi Kyaftin ya yi maka?"

"Hajiya, ai shi rubutu wani sirri ne da..."

"Ya ci maka wani abu? Ya nemi matarka?"

"Ba ni da mata tukuna, Hajiya."

"Ga shi nan," ta ce wa jama'a. "Shi bai yi ba, ya hana wani."

Wani ɗalibin jami'a ya miƙe ya ce ya fasa karatun jarrabawar jiya saboda baƙin ciki, yana so ya san wa zai ɗauki alhakin sakamakon. Wata malamar asibiti ta ce a ra'ayinta ba a yi ƙoƙarin ceto marar lafiyan ba ko kaɗan. Wani dattijo mai sayar da igiyar shanu a kasuwar Kalgo ya ce shekararsa talatin a sana'ar, kuma igiya ba ta tsinkewa haka kawai, sai dai in da hannun wani a ciki. Shi yana zargin mutumin Jega. Hafiza, wakiliyar rediyon, tana riƙe da na'urarta tana naɗar komai da fuskar wadda ta zo biki ta tarar da dambe kyauta.

Khairiyya ta shanye kununta, ta karɓi na biyu. Rabon da ta ji daɗin taro haka tun walimar aurenta.

Muzzammil ya share goshi da hannun riga. Ya dubi hanya, ya ga an tare ta da babura. Sai ya gyara murya.

"Jama'a, ku kwantar da hankalinku. Dama na so in bar shi a matsayin sirri, amma tunda kun matsa. Kyaftin Bawa bai mutu ba. Suma ya yi."

Kowa ya zuba masa ido, sai ya ci gaba.

"Ranar Alhamis zai farfaɗo. Za a ɗaura aurensa da Maryam a kashi na gaba da shi. Kuma za a tsaya a ɗauki mutumin Dangoma."

Aka fara tafi daga baya. Ɗalibin nan ya ɗaga hannu. "Amma an ce iskar tulunsa ta ƙare. Mi zai shaƙa?"

"Ai a can sama akwai iska," in ji Muzzammil, murya ta fara dawo masa. "Ba ta da yawa dai, 'yar siririya ce, kamar ta asuba. Turawa ne ba su bincika da kyau ba. Mutum in yana da ƙarfin hali zai iya lallaɓawa da ita."

Wata shida Khairiyya ta haƙura da satar suna. Ta haƙura da hoton, da biron, da taurarin da ke zagaye da kansa. Amma shekara goma sha ɗaya tana tsaye gaban allo tana faɗa wa yara cewa babu iska a sararin samaniya, kuma a layi na huɗu ta hango biyu daga cikin tsofaffin ɗalibanta suna gyaɗa kai.

Ta ajiye robar kunun ta miƙe.

"Babu iska. Ko ta asuba, ko ta azahar. Ya mutu."

"Zauna, ɗiyata, bari ya gyara ɓarnarsa," in ji Hajiya Fatsuma tana jan mayafinta.

"Ba ɓarnarsa ba ce, Hajiya. Tawa ce. Ni na kashe shi."

Ta fito da wayar da ke ɗauke da layin Matuƙin Sama daga jaka, ta rubuta kalma biyu ta tura guruf. Wayoyi suka yi ƙara a ko'ina cikin rumfar. Kowa ya duba. Matuƙin Sama ya rubuto: Ni ce.

Ta yi zaton Muzzammil zai musa. Har ta tanadi hujjoji, da littafin da take lissafi a ciki. Amma tun kafin ta fito da littafin ya riga ya tashi daga kujerar, ya kakkaɓe ta da hannunsa, ya nuna mata.

"Wallahi ita ce," ya ce, fuskarsa ta washe kamar wanda aka sallama daga asibiti. "Ni ban taɓa cewa ni ne ba. Cewa na yi Allah ne masani. Bismillah, Malama, ga wuri."

Ya shige shagonsa, aka ji ƙarar sakata.

Haka Khairiyya ta zauna a ƙarƙashin hoton wani, aka soma sabon lale. Duk abin da aka faɗa wa Muzzammil aka maimaita mata, har da ƙari, don yanzu an ce ga mace har mace amma zuciya kamar dutsen niƙa. Ta amsa wa malamar asibiti. Ta wanke mutumin Jega. Ta ce ba za a ɗaura aure ba, don ango ya rasu. Aka yi ta Allah wadai. Abin da ya ba ta mamaki shi ne yadda suka riƙe komai. Sun san sunan kowane ɗaki a jirgin, sun san abin da Kyaftin ya faɗa a kashi na tara, wanda ita kanta ta manta.

Hajiya Fatsuma ta jira hayaniya ta lafa. Sannan ta matso da kujerarta, ta yi magana ƙasa-ƙasa, ba don rumfa ba.

"Kin ci kifina."

"Na ci, Hajiya. Ki yafe ni."

"Ni ba cewa na yi ki tashe shi ba. Wanda ya mutu ya mutu, na san wannan." Ta gyara kwandon. "Maigidana masunci ne. Shekara huɗu ke nan ya fita gulbi da damina, sai jirgin munka gani. Ba mu samu abin da za mu wanke ba, ba mu samu abin da za mu rufe ba. To ke da kike da iko, kada ki bar bawan Allah yana yawo a sama haka nan. Su je su ɗauko shi, a yi mishi sutura."

Khairiyya ta laluba jakarta. A tsarinta, gawar za ta yi ta tafiya har abada, kuma ta ji daɗin jimlar da ta rufe kashin da ita. Ta buɗe littafin lissafin a cinyarta, ta duba saurin jirgin da ragowar man, ta ja layi biyu da biro.

"In suka juya yanzu, za su cim masa cikin kwana goma sha ɗaya. Amma man da zai rage ba lallai ya kai su inda za su ba."

"Wannan kuma matsalarki ce," in ji Hajiya Fatsuma. "Ke kika kai su."

Hafiza ta tare ta a bakin titi ta rubuta sunanta da lambarta, ta ce ranar Litinin za a kira ta. Khairiyya ta tuna shugabar makarantarsu ba ta rabuwa da rediyo a ofis. Ta faɗi sunan duk da haka, harafi bayan harafi.

A motar komawa Gwandu wayar ba ta daina motsi a jakarta ba. Lukuman ya turo yana tambaya ko da sauran haƙoranta. A guruf kuwa saƙo ya haura ɗari uku. An samo hotonta na taron yaye ɗalibai, an zana mata igiya a hannu. Wani ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa tunda yake karatu bai taɓa ganin marubuciya marar tausayi irin Khairiyya Hussaini ba, kuma mutum sittin sun danna masa alamar yarda.

Ta karanta sau biyu. Sannan ta gyara zama, ta amsa masa: "Hassan ne, ba Hussaini ba."