Daƙiƙa Huɗu a Talabijin

Tun da Wendell ya ajiye wayar bai zauna ba. Ya buɗe firij ya rufe, ya leƙa titi, ya dawo.

"Za ka huda mana daɓe da wannan safa da marwa," in ji Graham. Shekara tara ke nan suna zaune tare a Toronto, gida ɗaya, gado ɗaya.

"An ce mun fito a tallan shirin. Fuskata ƙuru-ƙuru, kaina a kafaɗarka."

"To ai ka yi kyau, tsoho."

"Mama, Graham. Mama nake faɗa maka."

Graham ne ya ja shi wurin ɗaukar shirin tun farko. Ana ɗaukar wani shirin Amurka kan rayuwar maza masu son maza, wanda aka ɗauko daga na Ingila, ana neman masu cika fili a fitowar gidan rawa. Da safe aka tara su, aka ce su yi rawa ba kiɗa don kada a danne muryar 'yan wasa. Wendell ya maƙale can baya, inda kowa ya san kyamara ba ta kaiwa. Bayan abincin rana aka juyo da ita wancan ɓangaren, na baya suka koma na gaba. Shi kuwa ƙafa ta gaji, ya jingina da Graham.

Gobe Litinin za a nuna. Mahaifiyarsa Doreen ba ta kallon irin wannan, amma mai yi mata gashi ba ta bari ya wuce ta, kuma bakinta ba ya rufuwa.

Ya ɗauki makullin mota, ya ajiye, ya sake ɗauka.

A gidanta da ke garin Hamilton ya tarar da mahaifiyar tasa tana feraye dankali. Ya yi maganar taya, ya yi maganar ruwan sama, ya gyara labulen da bai karkace ba.

"Zauna ko ka fita, kana sa ni jiri."

Ya zauna. "Mama, Graham ba abokin haya ba ne. Tare muke. Gobe za ki iya jin an gan mu a talabijin."

Wuƙar ta tsaya.

"Da ba don talabijin ba fa?"

Ya buɗe baki, ta riga shi.

"Shekara tara ina dafa maka abinci duk Lahadi, kana barin yaron mutane shi kaɗai a gida. Ni kuma ina zaune kamar wawiya." Ta share hannu da tawul, ta daɗe tana sharewa. "Ban ce na ji daɗi ba. Kada ka je ka ce na ce."

"To, Mama."

Ta nuna wayar da ke bango da tsinin wuƙa. "Kira shi. Ka ce ƙarfe biyar ake ci, kuma ni ba na jiran kowa."