Ƙyallen Tagar Gidan Enoch

Enoch ya fara ɓamɓare ƙusoshin tagar ke nan matarsa Keziah ta riƙe masa hannu.

"Maigida, idan ka cire ƙyallen nan, ka haƙa rami biyu."

Bai dube ta ba. A kan gadon kara gawar mahaifiyarsa ce kwance, tun da hantsi ta cika. Kusa da murhu kuma jaririyarsu Tabitha na ta tari, ƙirjinta na kurari. Iskar hunturu tana ta dukan bangon laka.

Gilashin da suka taso da shi daga Ingila ya farfashe a keken shanu, tun kafin su iso Albany, a kudancin Afirka. Sai suka yi yadda kowa ke yi: suka shafe akoko da kitsen wutsiyar tunkiya, suka ɗame shi a tagar. Yana tare iska, yana barin ɗan haske ja-ja ya shigo. Farin ƙyallen da ya rage musu ke nan, sauran duk sun tafi wajen musayar masara.

"Alkawari na yi wa Inna," in ji shi. "Jiya ta damƙe ni, ta ce kada in binne ta a buhu kamar mushe. Da bakinta ta ce in cire na tagar."

"Na ji ta. Inna ba ta taɓa rasa abin da take so ba, ko da rai ko babu."

"Zan toshe tagar da laka."

"Ɗanyar laka, a sanyin nan, ga hayaƙi? Kai ma ka san yarinyar nan ba za ta kai Lahadi ba."

Ya tsaya da ƙusa a tafin hannu. Wanda ya mutu ba ya jin sanyi, wannan ya sani. Amma mamaci ba ya kuma iya yafe alkawari, kuma babu inda za a je a roƙe shi. Tsohuwar nan ta bar kabarin mijinta ta haye teku don kada ta rabu da ɗanta, abu ɗaya tak ta roƙa.

Ya mai da ƙusar, ya buga ta a hankali.

Buhunan alkama suna nan fanko, tun da cuta ta cinye gonar. Ya farke biyu, Keziah ta ɗinke su.

Da la'asar maƙwabcinsu, tsoho Gadd, ya zo taya shi ɗauka. Ya ga buhun, ya cire hula, ya daɗe yana kallo.

"Haba, ɗana. A buhu? Mace mai tsoron Allah irin wannan?"

Enoch ya sunkuya ya kama wajen kan gawar, ya ce:

"Ita ta ce haka, Baba. Ta ce a bar wa yarinya ƙyallen."

"Allah sarki," in ji Gadd. "Halinta ke nan."

Keziah na tsaye a bakin ƙofa da jaririyar a kafaɗa. Ta buɗe baki, sai kuma ta rufe.