Uku Ƙasa da Sifili

Tun daga cikin mota Nélida Apaza ta hango gonakin dankalin. Ganyen ya yi baƙi, ya kwanta kamar an kwara masa ruwan zafi.

Ita ce ta tsara wa ƙungiyar manoma gargaɗin sanyin ƙanƙara mai ƙone shuka. Kowace yamma baffanta Fortunato, da ke saman tudu, yakan duba ma'aunin sanyi ya turo saƙon waya. Wani ɗan layin alamomi da ta rubuta wa kwamfuta shi ke tsince lamba daga saƙon: a ɗauki lamba, a haɗa da 'yar sandar ragi in tana gabanta, a watsar da sauran surutu. In ta gaza sifili, wayoyin ƙauye su ɗau ƙara, kowa ya fita ya turnuƙe gonarsa da hayaƙin kashin tumaki don kare shuka. Har taƙama take yi da layin nan a ofishinsu na birnin Puno.

Shekaranjiya tsohon ya rubuta: "Barka da yamma, 3 ƙasa da sifili, a kula." Layinta ya ɗauki 3, ya watsar da sauran, wayoyin ƙauye ba su yi ƙara ba. Da safiyar nan ta gano, ba ta gaya wa kowa ba.

Ta tarar an taru a filin makaranta. Ana zagayawa da ganyen koka da ake taunawa a taro, da aka zo kan baffa sai aka tsallake shi.

"Don Fortunato, tsakaninka da Allah," in ji Doña Eulogia, shugabar ƙungiya, "ma'auni ka duba ko gindin kwalba?"

Aka kwashe da dariya mai ɗaci.

"Na tura, 'yar'uwa. Ga shi nan a waya."

"To injin ne ya sha giyar kenan?"

Idanu suka koma kan Nélida. Maganar na bakinta, amma kunya ta ɗaure mata harshe. 'Yar ƙauyen da ta yi jami'a, a ce ta manta yadda mutanenta ke magana!

Tsohon ya taso, hula a hannu, ya miƙo mata wayar.

"'Yata, ni karatuna bai yi nisa ba. Nuna mini yadda injinki yake so a rubuta, kada in ƙara ba ki kunya."

Ta karɓa, ta nuna masa inda sandar ragin take. Ya yi mata godiya har sau biyu, a gaban kowa.