Sunan Jabir a Wutsiyar Fim

Zanena mai ruwan goro na shanya a igiya, na shiga ɗaki ɗauko carbi. Ina fitowa na hango shi ɗaure a wuyan jikar maƙwabta, ta haye katangar gidan burodi ta ware hannuwa tana ihu, "Gaggafa ya sauko!" Ta diro, zanen ya sha taɓo, yaran layi suka ɗauki tafi.

Wai Gaggafan Shere, fim ɗin da aka ɗauka a duwatsunmu na nan Jos. Mutum ne cikin baƙar riga mai fukafukai, fuska rufe ruf, yana dira daga kan dutse ya tattake ɓarayin mutane. Sati uku ana nuna shi a sinima, Anguwan Rogo kamar an watsa mata barkono. Samari sun rabu biyu a majalisa, masu cewa ya fi na Turawa da masu cewa igiya aka ɗaura masa. 'Yan mata kuwa ina ruwansu da igiya, Salim suke so, farin yaron nan na Kaduna da ke cire hular a ƙarshe ya yi murmushi.

"Ai ba Salim ba ne a cikin rigar," in ji Ladidi, tana wanke shinkafa a tsakar gida. "Jabir ɗina ne. Salim murmushin kawai ya yi."

Shekara goma sha tara muna gidan haya ɗaya da Ladidi, bangonmu ɗaya. Jabir ɗinta ɗan keke ne, bai wuce aji uku ba, tun yana ƙarami ba abin da ya iya sai tsalle. Wata huɗu da suka wuce aka shigo da shi ranga-ranga, cinya a karye. Masu fim suka kai shi wurin mai ɗori sau ɗaya, daga nan ko ƙurarsu.

Ni ban ce katangar mutane ya haura ba. Abin da na faɗa wa matan layi kawai shi ne, ƙafa ba ta karyewa a kan tabarmar salla. In sun ƙara gishiri, tukunyarsu ce.

To me ya sa ba zan faɗa ba? Shu'aibu nawa da digirinsa yana zaune a kwantena bakin titi, yana tura wa mutane finafinai a waya. Wa ya taɓa ɗaura zane a wuya saboda shi? Amma ga Ladidi, wadda ko alif ba ta sani ba, an fara tsayar da ita a hanya ana tambayarta, "Da gaske ɗanki ne?" Tafiyarta ma ta canza.

"Inna, ki daina musu da su," Jabir ya ce daga bakin ƙofa, sanda a hammata. "A sinima ana kunna fitila kowa ke tashi, ba mai tsayawa karanta sunaye. Ki bari ya fito na kallon gida. Oga Valentine mai fim ɗin ya rantse min sunana na ƙarshe."

"Allah Ya kai mu," na ce. "Mu ma mu ga tsuntsu mai sanda."

Ya yi dariya, ɗan albarka. "Iya Yalwa, ke zan fara ɗauka mu tashi."

* * *

Ranar wata Talata da hantsi suna wurin mai ɗori, sai ga sallama. Dogon mutum ne da jaka a kafaɗa, yana ta duba agogo, Hausarsa ba ta nuna ba.

"Mama, sannu. Ni ne Valentine. Jabir yana nan?"

Na ce ba ya nan.

"To ka ba shi wannan. Orijina ne, na asali, kaɗan muka buga. Ni zan koma Legas yau. Ka ce masa na cika magana."

Ya miƙo min faifai a cikin kwali, da hoton Salim yana haƙora. Na ce ya tafi abinsa, ai saƙo ya isa.

An kawo wuta ranar. Na tura ƙofa, na zura faifan a tsohon injin da nake kallon wa'azi. Ba zan yi ƙarya ba, da Gaggafa ya diro daga dutsen nan sai da na dafe ƙirji. Kuma na gane shi. Yadda yake karkata kafaɗar hagu kafin ya yi tsalle, haka ubansa marigayi yake yi in zai ɗaga buhu.

Fim ya ƙare, rubutu ya fara hawa. Na yi yaƙi da jahilci shekara biyu, ina haɗa baƙi in ba a gaggauta ni ba. Na matsa har hancina na taɓa gilashi. Can ƙasa, bayan masu dafa abinci, ga shi da fararen haruffa: Wanda ya yi tsallen Gaggafa, Jabir Ɗanladi.

Na hango Ladidi a gidan biki ana ba ta kujera, ni ina tabarma. Na zare faifan, na naɗe shi a tsohon ɗankwali, na tura ƙasan akwatina. Na ce gobe zan ba su. Allah Ya sani gobe na ce.

* * *

Ranar Juma'a fim ya iso wurin masu turi a waya. Kafin la'asar layi ya kai bakin kwalbati a shagon Shu'aibu. Ladidi ta ci ado da leshinta na salla, ta tattaro matan layi, har da Maman Favour mai shagon kayan miya.

"Shu'aibu, ɗan nan, kai mana shi can ƙarshe," ta ce. "Yalwa, matso, ke ce mai karatun."

Shu'aibu ya ja fim ɗin a kwamfuta. Salim ya cire hula, ya yi murmushi. Allo ya yi baƙi.

"Ci gaba mana," in ji Ladidi.

"Ya ƙare, Inna."

"Sunayen fa?"

"Ai haka yake zuwa mana daga manyan masu turi na kasuwar Taminus. Ana yanke kai da wutsiya don kada ya cinye wa mutane waje a waya. Wa zai ɓata memori a kan sunaye?"

"To nemo mai wutsiyar."

"Inna, wa ke sayen faifai yanzu? Duk garin nan wannan ne a hannun kowa."

Wata ta kwashe da dariya a baya. "Gaggafa dai ya tashi da sunan!" Wani saurayi a layi ya ce, "Hajiya, ni ma kakata ce ta yi tsallen, ku matsa mu samu waje." Maman Favour ce kaɗai ta riƙe hannun Ladidi tana cewa, "Yi haƙuri, Mama, mu je gida."

Ladidi ta juyo ta dube ni. Ba zargi a idonta, taimako take nema. Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe. Sai na ji kaina ina cewa, "Ai ni ban ga komai ba."

* * *

Jabir ya kira lambar Valentine har ya gaji, a kashe. Yara suka sa masa Gaggafan Katanga. In ya fito shan iska sai su bi shi suna ɗingishi da zannuwa a wuya. Ya daina fita.

Jiya bayan azahar ina ɗaki ina tsince wake, na ji muryar Ladidi ta bango, can ƙasa-ƙasa.

"Jabir, ni na haife ka, ba zan gaya wa kowa ba. Ka faɗa min tsakaninka da Allah, a ina ka karya ƙafar nan?"

Na kasa kunne, ni da ba a taɓa yin magana a gidan nan ta wuce ni ba. Sai ƙarar sandarsa da ta zame ta faɗi a siminti, kuma ba wanda ya ɗauka.

Na ajiye faifan wake, na tashi na isa gaban akwati. Na sa hannu a murfin. Sai na tuna dole su tambaye ni tun yaushe yake wurina.

Na juya na zauna a kai.