Rariyar Suruki

A shekarun da gyaɗa ke tashe, lokacin da duk mai jaki uku a Kabo yake jin kansa attajiri, akwai wani dubagari ana ce masa Dabo. Aikinsa shi ne bin gidaje da kakinsa da sandarsa, yana leƙa randuna da masai, matan aure na jin sallamarsa su hau share tsakar gida. Akwai kuma wani aikin nasa da ba kowa ya damu da shi ba: duk wanda ya yi sabon gini ba shi da ikon huda rariya ya saki ruwan gidansa cikin kwatar gari, sai Dabo ya duba ya ga kwatar za ta ɗauka, ya sa hannu, a kai takardar Gwarzo.

Kwatar kuwa ɗaya ce tal. Ta taso daga bakin kasuwa, ta gangaro tana kwasar ruwan wanke-wanke da na wanka da fitsarin dabbobi, ta shige wani kwalbati a ƙarƙashin hanyar mota, ta faɗa kududdufi. Bakin kwalbatin bai fi bakin randa ba. Gidan ƙarshe kafin a kai gare shi, nan aka haifi Dabo, nan mahaifiyarsa Hajjo take zaune. A gindin katangarta akwai rijiyar da marigayi mijinta ya haƙa shekarar da ya daina bin shanu ya zauna noma. Rabin unguwa nan suke sha. Shanu sun ƙare, miji ya tafi, rijiyar nan ita ce abin da ya rage wa Hajjo.

Ana nan sai Alhaji Ashiru, babban mai sayen gyaɗa na garin, ya yi gini a saman gangaren: ɗakuna goma sha huɗu na direbobi da leburori, da makewayi uku, da wata doguwar rumfa inda mata ke matsar mai suna suyar ƙuli-ƙuli tun safe har la'asar. Duk ruwan wannan taro yana so ya zubo cikin kwatar. Abin da ya ɓata zancen shi ne Alhaji Ashiru uban matar Dabo ne.

A yi wa Dabo adalci, ya duba. Da rani ne, kwatar ta ƙafe sai baƙin caɓi da ƙudaje, wanda bai sani ba zai rantse za ta haɗiye kogi. Sai ya tara 'yan garuwa, ya sa suka juye garwa ashirin a lokaci ɗaya daga bakin kasuwa, shi kuma ya tsaya a kwalbati ya toshe hanci yana kallo. Ruwan ya iso yana turo tsumma da kashin awaki da mushen ɓera. Kwalbatin ya sha kaɗan ya shaƙe, saura ya dawo da baya ya kwanta a gindin katangar Hajjo, ya fi rabin sa'a bai janye ba. Garwa ashirin ke nan, ba damina, ba ɗakuna goma sha huɗu. Dabo bai buƙaci alƙalami ba, ya san amsar a'a ce.

Ranar Laraba ya tafi don ya faɗa wa Alhaji. A hanya ya tsara maganarsa tsaf: a faɗaɗa kwalbati tukuna, ko Alhaji ya haƙa rami a bayan gininsa. Ya cire takalmi tun daga nesa kamar yadda suruki ke yi, ya durƙusa a bakin tabarma, ya sunkuyar da kai. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi gajiya, aka sake tambayar iyali. Alhaji ya yabi hankalinsa a gaban mutanen da ke zaune, ya ce shi bai taɓa nadamar ba shi 'yarsa Gwamma ba. Sannan ya turo takardar da ɗan yatsa.

"Malam Dabo, saura naka."

Mutumin da ba ya iya cin abinci a gabansa, ba ya iya kiran sunansa, ta yaya zai ɗaga ido cikin jama'a ya ce masa gininsa ƙazanta zai jawo? Dabo ya ce, "To, Baba." Ya sa hannu. Mutane suka ce kai, yaron nan akwai kunya. Ni kuwa ban ga abin yabo a irin wannan kunyar ba, tsoro ne aka naɗa wa rawani.

Ruwan farko bai yi komai ba, Dabo har ya fara sakin jiki. Da damina ta kankama sai kwatar ta nuna halinta. Tsakin gyaɗa da dattin mai suka haɗu da ruwan makewayi suka daskare a bakin kwalbati. Abin ya taru a gindin katangar Hajjo, kore-kore, yana kumfa, tsutsa na iyo a kai. Ɗoyi ya hana mutane cin tuwo a waje. Dabo ya riƙa zagayewa ta bayan masallaci don kada ya bi ta wurin. Kafin a yanke gero, ruwan rijiyar ya sauya launi, guga ya fara fitowa da maiƙo. Gidaje huɗu suka kwanta da gudawa.

Rijiyar da ta ɓaci kuwa, dubagari ne ke sa a cike ta da ƙasa. Ba wani dubagari a Kabo sai shi.

Ya zo da hantsi, cikin kaki, da lebura biyu da shebur. Ya bar su a waje ya yi sallama. Hajjo ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan farinta ne, kuma ba ta yi masa maganar rariyar ko sau ɗaya ba. Ta shimfiɗa masa tabarma kamar baƙo. Ta ɗauki ƙwarya ta fita, ya ji ƙarar guga, ta dawo ta ajiye a gabansa.

"Ga ruwa. An sha rana."

Ya duba cikin ƙwaryar. Maiƙo ya kwanta a sama, wani abu fari yana motsi a gefe, warin ya daki hancinsa tun bai sunkuya ba. Hajjo na tsaye tana jira. Uwa ta ba ka ruwa da hannunta, ba a mayarwa. Ya sa hannu biyu ya ɗauka, ya yi bisimilla, ya kai baki.

Ta buge ƙwaryar da bayan hannu, ruwan ya watse a kakinsa.

"Ashe har wannan ma 'to' za ka ce?" in ji ta. "Tir. Tashi ka kira mutanenka su yi aikinsu."

Ta shige ɗaki ta saki asabari. Dabo ya fita da jiƙaƙƙiyar riga, ya karɓi shebur daga hannun lebura ɗaya, ya zuba ƙasar farko da kansa.