Ramlat Ta Rufe Layi

Ƙarfe huɗu na yamma supervisor, malamin da ke duba bincikenta, ya ce yana son ganin babi na uku a imel ɗinsa, ga shi ɗaya ta gota. Shekarar Ramlat ta biyu ke nan tana digirin dakta kan magunguna a Manchester, a zamanin da intanet ɗin gida ta layin tarho take shigowa. Modem ɗin, na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin, zai yi ta ƙuwwa, ya haɗa, babin ya fara tafiya, sai ɗif! ya yanke.

Mijinta Junaidu injiniya ne, aiki ya ajiye shi a Perry Barr da ke Birmingham, sai ƙarshen mako yake zuwa unguwarsu ta Longsight. Ta kira shi ta faɗa masa.

"Ramlat, kar ki taɓa min settings ɗin kwamfutar," ya ce. "Ki ba malamin haƙuri, Juma'a ina nan tafe."

"Abban Humaira, yau fa Talata. Wallahi ba zan roƙi kowa ba, babin nan yau zai tafi."

Ta kira kamfanin intanet. Wani ya saurare ta rabi-rabi, ya ce kwamfutarta ce ta tsufa, ko akwai namiji a gidan da zai duba? Ta ce akwai ita, ta kife waya.

Ta tattare hannun riga ta shiga ƙarƙashin tebur. Ta zare igiyar tarho, ta hure, ta mayar. Ta ciro ta falo ta musanya. Ya haɗa, minti shida ya sake yankewa. Nan take tarho ya yi ƙara.

"Ya haɗu?" Junaidu ne.

"Bai haɗu ba."

Sai da aka yi haka sau uku, tana rubuta lokacin a bayan ambulan kamar yadda take yi a ɗakin gwaje-gwaje. A na huɗu ta tsaya tana kallon tarhon. Duk yankewa, kira ne ke biye da ita. Ta tono littafin kamfanin tarho daga durowa, ta gano call waiting: ɗan ƙaran da ke sanar da kira na biyu, shi ke katse modem. Ta danna lambobin kashe shi, ta sake haɗawa, ta harɗe hannu.

Uku da minti ashirin babin ya tafi. Ta yi la'asar ɗinta a tsanake kafin ta kira Birmingham.

"Ina ta kira layi busy!" Junaidu ya ce. "Me kika taɓa?"

"Na gano ciwon, na yi maganinsa."

"Modem ɗin ne ko? Dama na zarga."

"Kai ne, Abban Humaira. Daga yau in ina aiki, layin nan a rufe yake."

Ya fashe da dariya, ya ce ta karanto masa lambobin, don nasu na ofis ma haka yake yi.