Jar Riga a Jikin Fachtna

Shekara talatin da ɗaya Fachtna Hourihane yana shugabancin ƙungiyar ƙwallon sanda ta Kilbrack, aikin da ba albashi sai ciwon kai. Shi ne yankan ciyawar fili, shi ne zaman taro, shi ne sa-in-sa da alƙalin wasa. Babban abokin rigimarsa kuwa Malachy Tuohy ne, shugaban ƙungiyar Tullyvane masu jar riga, can hayin gada. Saboda Malachy, ko jar safa Fachtna ba ya sawa.

Ran nan sai Malachy ya rasu. A al'ada, 'yan wasan mamaci kan jeru layi biyu a ƙofar coci sanye da rigar ƙungiya, a ratsa da gawa ta tsakaninsu. To, samarin Tullyvane neman aiki ya watsa su ƙasashen waje, wasu Sydney, wasu Boston. Mutum huɗu kacal suka rage. Abin ya tsaya wa Fachtna a rai, a ce za a kai Malachy kamar wanda bai taɓa tara kowa ba.

Da safen jana'iza ya tara nasa 'yan wasan, ya zazzage musu buhun jajayen riguna da ya aro, ya ce su sa su jeru wa Malachy.

"Baba Fachtna, lafiyarka kuwa?" in ji Cathal, kyaftin ɗinsu. "Mutumin da ya kai ƙararmu sau bakwai?"

"Sau tara, ɗan nan. Biyu ma da gaskiyarsa."

"Wallahi ko a mafarki ba na sa ja!"

Fachtna ya tuɓe kwat, ya cusa kai cikin riga ɗaya. Ta maƙale a saman tumbi, ta ƙi sauka, ta ƙi fita. Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Cathal na share hawayen dariya ya miƙa hannu ya ɗauki tasa, sauran suka bi.

Mutum ashirin da shida suka jeru cikin yayyafi. Nuala, matar marigayin, tana biye da gawa, ta tsaya gaban Fachtna ta dubi tumbin nan.

"Kullum cewa yake sai ya ga ranar da za ka sa ja," ta ce.

"Ya ci wasan, Nuala," in ji Fachtna. "Ni yanzu da wa zan yi faɗa a filin wasa ranar Lahadi?"